Neman Tambarin Gidanmu a Ƙasar Ingila

Kwanana huɗu da sauka a Leeds, sanyin Oktoba bai gama sakin ƙasusuwana ba, jikata ta dawo daga makaranta da wata farar takarda a hannu. Ko jaka ba ta ajiye ba ta zo ta shimfiɗa mini ita a cinya. Zanen garkuwa ne a jiki, irin mai faɗin kafaɗa da tsini a ƙasa, cikinta wayam. Malamarsu ce ta ce kowane yaro ya zano tambarin gidansu, a kawo bayan hutun rabin zango. Wata ƙawarta har ta riga ta ba su labarin nasu, wai yana rataye a falo, da zaki da kwalkwali da sunan gidansu a ƙasa.

"Kaka, mu ina namu?"

Na ce, "Amarya, ba ni kwana biyu."

Tambayar ta taɓa ni ta inda yarinyar ba ta sani ba. Sana'ata ɗab'i ce. Shekara talatin da 'yan kai ina buga kan wasiƙa da kalanda da katin biki a Kano, ina yanka hatimi, ina zana wa makarantu da ƙungiyoyi baje. Garkuwa irin wannan na zana ta ba adadi: a sa buɗaɗɗen littafi a tsakiya, a sa fitila ko alƙalami, a ja ƙyalle a ƙasa a rubuta take. Ban taɓa tsayawa na tambayi inda siffar ta fito ba, balle ƙa'idarta. Ga ni yanzu a ƙasar da abin ya yi jijiya, ga hutu, ga jirgin ƙasa. Na ce wa ɗana ya nemo mana tikiti, mu je mu gani da ido.

Da York muka fara, don tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Gari ne mai ganuwa da ƙofofi, abin da ya sa na ji kamar na san shi. Akwai wani ƙuntataccen layi da ake kira Shambles, layin mahauta ne a zamanin da, gidajensa sun sunkuyo kamar za su haɗa goshi. A wani kanti da ke kusa da nan muka tarar da abin da ƙawar jikata take faɗa. Bango cike da garkuwoyi, kowace da suna a ƙasa, ga kofuna, ga maɓallan makulli, ga allunan katako masu sheƙi. A kan kanta kwamfuta ce da na'urar bugawa. Ka faɗi sunan gidanku, a danna, takarda ta fito da launin tsufa da aka yi mata da gangan. Na ɗaga guda na shinshina. Tawadar yau ce, takardar ma na san nauyinta.

Ɗana ya faɗi sunanmu. Matashin da ke wurin ya danna, bai samu ba, ya sake rubutawa ta wata hanya, shiru. Sai ya ce in muna so zai duba sunan da ya fi kama da namu a furuci ya buga mana nasa. Nan jikina ya yi sanyi. Na ce to duba mini Smith. Nan take garkuwa ta fito. Smith fa maƙeri ke nan, kuma shi ne sunan da ya fi yawa a Ingila. Kowane ƙauye yana da maƙerinsa, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Haka Taylor, maɗinki, da Baker, mai gashin burodi. Yaya za a yi jikokin maƙeran ƙasa guda su tashi da tambari ɗaya? Kamar a ce duk mai suna Maƙera daga Sakkwato zuwa Damagaram ɗan ɗaki ɗaya ne. Jikata ta so a buga mata ko na wani ne, har ta ɓata rai. Na riƙe hannunta muka fito.

Amsar tana jiranmu a babbar majami'ar garin, York Minster. Mun shiga a matsayin baƙi masu kallon gini, kamar sauran jama'a. Can sama, tsakanin bakunan ginshiƙai, garkuwoyi ne na dutse a jere, ga wasu a gilasan tagogi, rana tana ratsa su tana zubo ja da shuɗi a daɓe. Wani dattijo cikin masu yi wa baƙi jagora ya ga ina ta ɗaga kai, ya matso. Na ba shi labarin kantin. Ya girgiza kai ya ce a ƙasarsu suna ba ya da tambari, mutum ne yake da shi. Kowace garkuwa da nake gani a nan ta wani takamaiman mutum ce, ya rayu, ya mutu, 'ya'yansa suka gada. Sannan ya nuna mana wata shuɗiya da aka ratsa mata ɗamarar zinariya daga kafaɗa zuwa kwiɓi, ya ce ta gidan Scrope ce, kuma a kanta aka yi shari'ar da ta fi kowace suna a wannan fanni.

Labarin ya kama ni, don haka bari in ba da shi yadda ya kamata. A 1385 Sarki Richard na Biyu ya ɗaura yaƙi zuwa Sikotland. A sansani sai Sir Richard Scrope, mutumin Bolton ta yankin Yorkshire, ya hango wani barde daga Cheshire, Sir Robert Grosvenor, riƙe da garkuwa iri ɗaya da tasa sak: shuɗin fili, ɗamarar zinariya a karkace. Ba dangin iya ba na baba. Kowa ya ce tasa ce tun kaka da kakanni. Aka tafi kotun barade. Aka yi shekaru ana karɓar shaida daga ɗaruruwan mutane, har da John na Gaunt, baffan sarki. Tsofaffin mayaƙa suna zuwa suna faɗin fagen da suka ga garkuwar da hannun wanda suka gan ta, limaman majami'u suna nuna kaburbura da tagogi. A 1389 kotu ta ba Scrope gaskiya, amma ta ce Grosvenor yana iya ci gaba da riƙe tasa in ya kewaye ta da farin baki. Aka ɗaukaka ƙara gaban sarki. A 1390 sarki ya ce ko wannan bai yarda ba, domin irin wannan ɗan bambanci na 'yan uwan jini ne, ba ya isa tsakanin bare da bare. Dole Grosvenor ya sauya, ya ɗauki damin alkama na zinariya a kan shuɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gidan Grosvenor suka riƙe abin a zuci. Su ne daga baya suka zama masu sarautar Duke na Westminster, masu filayen Mayfair da Belgravia a tsakiyar Landan, dukiya ba a magana. Amma bayan kusan shekara 500, dokinsu da ya ci babbar sukuwar Derby a 1880 sunansa Bend Or, wato ɗamarar zinariya, sunan garkuwar da aka ƙwace wa kakansu. Duk wanda ya san yadda gidan sarauta yake riƙe zancen rawanin da ya kuɓuce masa, zai gane wannan ba tare da an yi masa bayani ba.

Asalin abin kuwa daga fagen fama ne da fagen wasan barade, a tsakiyar ƙarni na 12. Mutum ya sha sulke, kwalkwali ya rufe fuska, ba a gane shi sai da abin da ya zana a garkuwa da tuta da rigar da ya ɗora a kan sulken. Wannan zanen kuma shi ne a hatiminsa, a zamanin da hatimi yake tsayawa a madadin sa hannu. Ina jin haka sai Hawan Daushe ya faɗo mini, yadda tun daga nesa ake gane tawagar kowane hakimi ta kayan dawakinsa da kiɗan takensa. Rawani mai kunne biyu kuma ya zo mini a rai. Yadin rawani yana nan a kasuwa, kowa yana iya saye, amma ba kowa ke fitar masa da kunne biyu a Kano ba, ko da sunansa ɗaya da na ɗan sarki.

Bayan kwana biyu muka gangara Landan, mu uku. Daga majami'ar St Paul muka bi hanyar da ke sauka zuwa kogin Thames, kafin gadar 'yan ƙafa muka karya kan titin Queen Victoria. Ga gidan nan na jan bulo, ya kewaye tsakar gida ta ɓangare uku ya bar gaba a buɗe, da ƙyauren ƙarfe baƙi mai adon zinariya. Shi ne College of Arms, ma'aikatar da ke ba da tambari tana kuma ajiye rajistarsa a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Sarki Richard na Uku ne ya ba su takardar kafuwa a 1484. Wannan filin Sarauniya Mary ce ta ba su a 1555. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye ginin farko, amma an yi sa'ar kwashe littattafan kafin wuta ta iso, aka sake gini a wurin a shekarun 1670. Motoci suna ta wucewa, ma'aikatan bankuna suna sauri da kofin kofi a hannu, ba mai ko waiwayen gidan.

Ma'aikatan su 13 ne, kuma in za a nemo musu suna a Hausa, sankirori ne. Aikinsu na asali ke nan: shela, kai saƙo tsakanin rundunoni, sanin wane ne wane da ɗan wane ne. Uku su ne manya, ana ce musu sarakunan tambari. Garter shi ne shugaba, muƙamin da aka ƙirƙira a 1415. Clarenceux yana kula da kudancin kogin Trent. Na ukun, mai muƙamin Norroy da Ulster, yana kula da arewacinsa. Sai shida a tsakiya, sai huɗu ƙanana masu sunaye irin su Jan Dodo da Shuɗin Alkyabba. A samansu akwai Duke na Norfolk, wanda gidansu ke gadon sarautar Earl Marshal, shi ne mai shirya naɗin sarki da jana'izarsa. Wanda ya kalli talabijin ranar 10 ga Satumba 2022 ya ga wani mutum a barandar fadar St James cikin riga mai zanen zakuna yana karanta shelar hawan Sarki Charles. Garter ke nan. Albashin da fada take biyan sa a shekara fam 49 ne da kwabo 7. Gwamnati ba ta ɗaukar nauyin gidan, da kuɗin aikin da suke yi wa jama'a yake tafiya.

An bar baƙi su shiga babban zauren, wanda shi ne ɗakin kotun barade. Bangon katako ne da ya yi duhu don tsufa, da kujerar alƙali a bayan shinge, da tutoci da hotunan magabata. Kotun tana nan a doka har yau. Zamanta na ƙarshe a 1954 ne, lokacin da hukumar birnin Manchester ta yi ƙarar wani gidan wasa da ke amfani da tambarin birnin, ta kuma yi nasara. Kafin nan ta fi shekara 200 ba ta zauna ba.

Kowane mako akwai sankira ɗaya mai jiran masu tambaya. Wanda muka tarar ya saurare mu a natse, ya maimaita abin da dattijon York ya faɗa, ya ƙara da yadda gadon yake tafiya. Hanya biyu ce kawai. Ko dai a ba ka naka sabo, ko ka kawo hujjar cewa kai jikan wanda aka ba ne ta wajen uba, haihuwa bayan haihuwa, da takardu. 'Ya mace tana amfani da na mahaifinta, in kuma ba ta da ɗan'uwa namiji sai ta zama magajiya, 'ya'yanta su raba garkuwa gida huɗu su haɗa na uba da na uwa. Shi ya sa za ka ga garkuwar wani tsohon gida ta zama kamar zanen dara, kowane gida aure ne da aka yi. Akwai kuma alamomin da aka tsara don bambance 'yan'uwa: ɗan fari ana ɗora masa wani ɗan layi mai haƙora uku muddin uban yana raye, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, na huɗu ɗan tsuntsu marar ƙafa. Jikata ta juyo ta ce ashe Abbanta jinjirin wata ne, tunda shi ne na biyu a wurina.

Tsakanin 1530 da 1688 sankirorin nan sun riƙa zaga ƙasar gunduma gunduma. Duk mai amfani da tambari sai ya zo ya kawo hujja. Wanda ya kasa, a kankare zanen, a kuma yi shelar sunansa a bainar jama'a cewa ba shi da haƙƙi. Littattafan wannan rangadi suna nan a gidan, su ne gindin binciken salsala har gobe.

Ƙofar kuma ba a rufe take ba, abin da ban zata ba. Ba sai jinin sarauta ba. Mutumin da ya yi karatu mai zurfi, ko ya riƙe muƙami, ko ya yi wa jama'a hidima, yana iya nema, ya biya dubban fam, a zauna da shi a tsara abin da bai yi kama da na kowa ba. A 2011, gab da auren 'yarsa da Yarima William, an ba Michael Middleton nasa: 'ya'yan itacen oak uku don 'ya'yansa uku, da kusurwar zinariya a tsakiya don matarsa, wadda sunan gidansu Goldsmith, maƙerin zinariya. Na Michael ne da zuriyarsa. Sauran masu suna Middleton a duniya ba su da ko ɗigo a ciki.

Na ga irin takardar da ake bayarwa, kuma a nan ne mai ɗab'i a cikina ya tsaya cak. Ba takarda ba ce, fatar maraƙi ce da aka jeme har ta yi laushi da haske. Rubutun da hannu aka yi shi, harafi bayan harafi, baƙi wuluk, ba inda alƙalami ya yi tuntuɓe. Zanen ma da hannu, zinariyar tana ɗaukar ido in ka karkata kai. A ƙasa hatiman sarakunan tambari suna reto a cikin 'yan gwangwanaye. Na tuna masu rubutun Alƙur'ani na unguwarmu da yadda suke zayyana, da haƙurin da aikin yake ci. Na daɗe a tsaye har ɗana ya taɓa ni.

Ƙa'idar launi kuwa ta shige ni nan take, don ita nake bi a wurin aiki ban san tana da suna ba. Suna da ƙarfe biyu, zinariya da azurfa, wato rawaya da fari. Suna da launi biyar: ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a ɗora launi a kan launi. Dalilin a fili yake, rawaya a kan fari ba ya ganuwa daga nesa, ja a kan shuɗi yana cakuɗewa. Sau nawa na yi gardama da mai makaranta da ya nace sai an sa masa jan rubutu a kan kore! Kuma abin da ake rajista ba hoton ba ne, bayanin ne, cikin wani tsohon Faransanci na Normawa. Kowane mai zane yana iya fitar da zakinsa yadda hannunsa ya ba shi, muddin bai saɓa wa kalmomin ba.

A jirgin komawa na ciro fasfona na dubi tambarin Najeriya da sabon ido. Baƙar garkuwa, launi. Farar alama mai rassa biyu, Neja da Binuwai da suka haɗu a Lokoja, ƙarfe a kan launi, daidai ƙa'ida. Fararen dawaki biyu su ne masu riƙe garkuwa, jar gaggafa ita ce tukku, tana tsaye a kan naɗin kore da fari. A 1960 aka ba da shi, shekarar 'yancin kai, aka faɗaɗa taken a 1978. Ashe garkuwar da nake zana wa makarantun Kano daga wannan gidan jan bulo salonta ya biyo, ta hannun Turawan mulki.

Edinbara, babban birnin Sikotland, ba ta cikin shirinmu, ɗana ne ya ce tunda an fara a ƙarasa, don can dokar ta fi tsauri. Muka sauka a tashar Waverley cikin yayyafi da iska mai yanka kunne. Sikotland tana da nata mai kula da tambari daban, Lord Lyon, kuma shi alƙali ne sosai, kotunsa tana da mai gabatar da ƙara. Ofishinsa yana New Register House, 'yan taku kaɗan daga tashar. Tun dokar 1672 ake rubuta kowane tambari a rajista ɗaya, kuma amfani da wanda ba a rubuta ba laifi ne. Har ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa an sa sun gyara bajensu. A can magaji ɗaya ne ke ɗaukar tambarin uba yadda yake, sauran 'ya'ya sai kowa ya koma kotu a yi masa nasa bambancin. Na lura ma tambarin sarki ya sauya tsayuwa: a Landan zaki ne a hagun mai kallo, a nan doki mai ƙaho ɗaya ya karɓi wurin, da kambi a kansa.

Amma a Sikotland ne na ga inda suna yake da ɗan tasiri, kuma hanyar da suka bi ta kwanta mini. Mutanen tsaunukansu zuriya zuriya ne, kowace da shugabanta. Mac da ke farkon sunayensu ma'anarsa ɗan wane. Garkuwa ta shugaba ce shi kaɗai. Sai dai duk mai ɗauke da sunan zuriyar yana iya saka baje mai tukkun shugaban a tsakiya, an kewaye shi da ɗamara da maɗaurinta, an rubuta taken shugaban a jikin ɗamarar. Na Campbell kan aladen daji ne, takensu da Latin yana cewa kada ka manta. Na MacLeod kan bijimi ne, takensu riƙe gam. Ɗamarar nan ita ce maganar: wannan ba nawa ba ne, ni mutumin wane ne. A kantunan titin Royal Mile na ga Amurkawa da 'yan Kanada suna layi suna neman na kakanninsu, wata tsohuwa har da hawaye da ta ga nata. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da take nema na gaskiya ne, kuma abin da aka sayar mata bai yi mata ƙarya ba. Bambancinsa da kantin York ke nan.

Da dare a masauki ni da ɗana muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba. Mu a wurinmu suna ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ni ina amsa sunan mahaifina, shi ya kamata ya amsa nawa, 'yarsa ta amsa nasa. Wasu da garinsu aka san su, kamar Malam Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma ranar da aka rubuta shi a makaranta sunan mahaifina aka sa masa a ƙarshe, ya bi shi zuwa fasfo, ya bi 'yarsa zuwa takardar haihuwa a Leeds. Sunan wani marini na Ƙofar Mata ya daskare ya zama sunan gida a Ingila, kamar yadda na maƙeransu ya daskare shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Yarinyar tana rubuta shi kullum a saman littafinta, ba ta san mai shi ba. Ya ce, "Baba, laifina ne, ban taɓa zaunar da ita ba." Na ce ba nasa ba ne shi kaɗai. Kakata tana da tsaga a kumatu da ke faɗin asalinta kafin ta buɗe baki, mu ba a yi mana ba, kuma ba mu sa komai a gurbinta ba.

Da muka koma Leeds saura kwana biyu a koma makaranta. Na zaunar da ita a teburin kicin, na ba ta labarin mahaifina. Yadda yake sammako zuwa karofi, yadda ake zuba baba da toka a rijiyar rini a bar su su nuna, yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska, ya fito kore kore sannan ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Na gaya mata hannuwansa shuɗaye ne har wuyan hannu, sabulu bai taɓa fitar da shi ba, da su aka yi masa wanka. Ta yi shiru tana kallon tafin hannunta.

Ta ɗauko kalolinta ta cika garkuwar da shuɗi mai duhu, ta danna har fensirin ya karye aka fere. Ta so ta sa jan hannu a tsakiya, sai ta tuna da kanta, ta ce launi a kan launi ba ya ganuwa. Ta yanko farar takarda ta fitar da da'ira uku, bakin rijiyoyin rini, ta manna biyu a sama ɗaya a ƙasa. A kusurwa ta sa ɗan ƙaramin jinjirin wata saboda Abbanta. Na ce ta juya bayan takardar ta rubuta cikakken sunan mai garkuwar, da sana'arsa, da unguwarsa, sannan sunana, sannan na ubanta, sannan nata. Ta rubuta, ina faɗa mata harafi harafi, har da ƙugiyar ƙa.

Saura ƙyallen ƙasa, wurin take. Ta ce me za a sa? Na san mahaifina yana da kirarin da abokan sana'arsa suke yi masa in ya fito da turkuɗi mai kyau, amma farkonsa kawai nake riƙe da shi. Yayata ce ta haddace shi duka. Na duba agogo, a Kano an idar da sallar isha'i. Ɗana ya kira ta ta bidiyo, aka gaisa, aka tambayi sanyi, na faɗa mata abin da muke nema. Ta yi dariya, ta gyara mayafi, ta ce a miƙo mata yarinyar. Jikata ta jingina wayar da kwalbar ruwa, ta ɗauki fensir, ta ce, "Hajiya, a hankali, ina rubutawa."